Haƙorin Rago da Haƙorin Dodo

Saƙo uku ne suka fitar da ni daga Abuja kwana huɗu kafin Babbar Sallar 2024. Na farko na Inna ne, cewa kada in kuskura in sake bari sai jajibiri, ba a fafe gora ranar tafiya, domin bara da na yi haka ragon da muka samu sai da muka ɗaure shi a bayan ɗaki don kunyar maƙwabta. Na biyu na Baffa ne, ƙanin mahaifinmu, wanda tun rasuwar Baba shi ke tsaya mana a irin waɗannan al'amura: in zo da kuɗi a hannu, masu kiwon ƙauye ba ruwansu da alat. Na ukun kuwa na Autanmu ne, layi ɗaya tak a WhatsApp: "Yaya, ka iso kafin Juma'a, akwai dodo." Na tambaye shi wane dodo, ya turo mini hoton dariya ya yi shiru.

Laraba 12 ga Yuni hutu ce ta Ranar Dimokuraɗiyya, sai na haɗa ta da kwana biyun da na roƙa a wurin aiki. Da asuba ina tasha a Mararaba, aka cusa mu cikin Sharon, mu huɗu a layin tsakiya, gwiwata a jikin buhun wani. Kuɗin mota ba sai na faɗa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, duk mai son zuwa gida sai ya yi lissafi sau biyu, kuma abin da na lura shi ne mutane sun ma daina jayayya da 'yan kamasho. A faɗi kuɗi, mutum ya yi tsaki, ya ƙirga ya miƙa.

Keffi da Akwanga na wuce su cikin gyangyaɗi. A Hawan Kibo na farka, inda hanya ke nannaɗe dutse, manyan motoci na rarrafe kamar za su koma da baya. Waɗanda ke gangarowa kuwa yawancinsu raguna ne a ciki, hawa biyu, yaran mota na kwance a kan katako a can sama sun rufe fuska da rawani. Wata Hajiya da ke gaba ta bi su da kallo ta ce, "Ga namanmu can zai tafi Kudu." Direba ya ce, "Can kuɗin yake, Hajiya." Ba wanda ya ƙara komai. A Jos sanyi da yayyafi suka tare mu, muka tsaya aka yi sallah, na sayi dankalin Turawa da kabeji saboda in na shiga gida ba su, Inna za ta tambaye ni ko ta sama na biyo.

Daga Jos zuwa Bauchi ita ce hanyar da ban taɓa gajiya da ita ba, musamman da damina. Kana sauka daga tudu sanyin yana sakinka a hankali, ka wuce Tilden Fulani, ka wuce Magama, ka wuce Nabordo, ƙasa duk ta yi kore, manoma sun duƙa a kan noman farko, duwatsu sun yi baƙi sun jiƙe suna sheƙi. Da zarar dutsen Zaranda ya bayyana, sai ka ga mutane sun fara ciro waya: "Mun kusa, a turo yaro bakin titi." Ana kiran magariba muka shiga gari.

Ban wuce gida kai tsaye ba, kuma Inna ba ta sani ba sai in ta karanta wannan. Na tsaya wajen Wunti na ci masa. A Abuja ma ana sayar da wani abu da ake kira masar Bauchi, har da rubutu a jikin allo, amma sunan kawai suka ɗauko. Ta gaske tana da ɗan tsamin da bai kai ga ɓata rai ba, gefenta ya yi ƙamas a tanda, cikinta kuwa kamar auduga, in ka tsoma ta a miyar taushe ta sha ba ta narke ba. Na ci bakwai a tsaye, jakata a tsakanin ƙafafuna, sannan na je gida na zauna gaban tuwon Inna kamar wanda ya wuni da yunwa.

Washegari da hantsi muka fita neman rago, ni da Baffa da Auta. Idan Sallah ta matso, duk wani fili a bakin titi yakan zama turke, sai muka nufi wani da ke bayan gari ta hanyar Gombe, inda mutanen ƙauye ke sauke nasu kafin su faɗa hannun 'yan kasuwa. Ƙasa ta yi caɓi saboda ruwan daren jiya, ga warin fitsarin dabbobi da harawa, ga dillalai sun yi mana caa tun ba mu sauka daga Keke Napep ba. Manyan balami farare suna tsaye kamar maruƙa, ga uda masu rabin jiki baƙi rabi fari, ga 'yankasa na talakawa irinmu. Na tambayi kuɗin wani balami don jin kunne kawai. Da aka faɗa mini sai na ce Allah ya kawo mai rabo, na matsa.

Baffa ba ya sayen rago da ido. Cewa yake ido na dillali ne. Sai ya ɗora tafin hannu a gadon bayan dabba ya danna, ya shafo har gindin wutsiya, ya rungumo ƙirjinta ya ɗan ɗaga ya ji nauyi, domin a cewarsa akwai masu ɗura wa rago ruwan kanwa da dusa da safe ya kumbura, ka kai gida kafin la'asar ya sace. Bayan nan sai ya zo kan babban aikin. Ya matse kan ragon a tsakanin cinyoyinsa, ya sa babban yatsa a gefen baki ya ɓare leɓen ƙasa, ya kira mu: "Ku matso ku koya, ba kullum nake nan ba." Tunkiya ba ta da haƙoran gaba a sama, dasashi ne kawai mai tauri. A ƙasa suke, guda takwas. Na nono ƙanana ne sirara kamar ƙwayar shinkafa. In dabba ta shekara ko ta ɗan gota sai ta yi famfara, biyun tsakiya su zube, manya masu faɗi su maye gurbinsu. "Kun ga waɗannan biyun? To wannan ya isa layya, ko a gaban wane malami." Raguna biyar ya buɗe wa baki, uku ya saki ba tare da ya taya ba.

Na shidan na wani dattijo ne da ke zaune can gefe a kan dutse, igiyar a ɗaure a yatsan ƙafarsa, rago ɗaya tal. Da gani ka san ba ɗan kasuwa ba ne. Baffa ya duba haƙori ya gamsu, ya taya, dattijon ya ce albarka. Ya ƙara, ya ce albarka. Sai Baffa ya tsuguna kusa da shi suka shiga gaisuwa, daga ina, ya damina, ya iyali. Daga wani ƙauye yake a ƙasar Alkaleri, gab da dajin Yankari. Ragon na layyarsa ne, shi ya kiwata da hannunsa, amma ba taki a gona kuma rumbu ya yi ƙasa tun kafin azumi. Baffa ya ce ai bara an yi damina. Dattijon ya ce an yi, Alhaji, giwaye ne suka girbe masa.

Duk ɗan Bauchi yana alfahari da giwayen Yankari, garke ne da kaɗan suka rage irinsa a Najeriya. Ni kaina da muka je yawon makaranta muna yara, bayan mun yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki an zaga da mu daji a buɗaɗɗiyar mota, da muka hango su har tafi muka yi. Ban taɓa jin labarinsu daga bakin wanda suke maƙwabtaka da shi ba sai ran nan. Ya ce da dare suka zo, saura 'yan makonni a karya masara. Suka fito da gwangwani da tocila, aka hura wuta, aka yi ta ihu har murya ta dushe. "Ka san abin da ya fi ciwo? Ba cin ba ne. Abin da ta ci, ciki ta kai, halittar Allah ce. Takawar ce. Inda ta bi ko kara ɗaya ba ya tashi, ita kuwa ba ta ma san ta taka ba." Ya faɗi haka ba da ɗaga murya ba, yana sosa wa ragon ƙeya.

Baffa, wanda na sani yana iya ɓata awa guda a kan naira ɗari biyar, ya miƙe ya ce in ƙirga abin da dattijon ya faɗa tun farko. Wani dillali da ba mu san daga inda ya ɓullo ba ya karɓi la'adarsa, aka yi Allah ya sa albarka. Muka sa ragon a Keke, Auta ya riƙe ƙahoni, ni kuma kofato a kan takalmina har gida.

Sai bayan isha'i na gane dodon da Auta ke nufi. Akwai gidan kallon ƙwallo a unguwarmu, rumfar kwano ce da bencina da talabijin biyu manya, janareta na gunji a baya. A allon ƙofa an rubuta da alli cewa gobe Juma'a Jamus da Sukotlan, wasan buɗe gasar cin kofin Turai, kuma daga nan wata guda cur ƙwallo ce. Saboda haka mai wurin ya ware daren Alhamis ya nuna fim ɗin da samari suka dame shi a kai, Godzilla x Kong: The New Empire, wanda ya fito a ƙarshen Maris. Rabona da zama a irin wannan benci na fi shekara goma, na kuma ji kunyar furfurar da ta fara fito mini a gemu, har sai da na hango wani magini da ya girme ni a layin gaba da hular aikinsa. Kuɗin shiga bai kai na masar da na ci jiya ba.

Tun kafin a fara an rabu gida biyu kamar ranar Madrid da Barcelona. 'Yan Gozila a dama, 'yan Kong a hagu, sai dai ba mai kiransa Kong, Goggo suke ce masa, daga gwaggon biri. Auta ɗan Goggo ne na gani kashe ni.

Ga yadda abin ya faro. Wannan ƙaton biri, wanda tsayinsa ya kai bene mai hawa da yawa, yana zaune shi kaɗai a wata duniya da ke can ƙarƙashin ƙasa, ya yi farauta ya kai nama baki, sai ya yamutsa fuska ya dafe muƙamuƙi. Ciwon haƙori. Ya haƙura ya hauro duniyarmu, aka sa masa maganin barci, wani likitan dabbobi mai rigar furanni ya sauko da igiya daga jirgi ya shiga cikin bakin dungurungum, ya ɗaure ruɓaɓɓen haƙorin, jirgi ya ja ya tumɓuke, aka dasa masa sabo. Ina ganin an ɓare wannan leɓe sai Baffa ya faɗo mini a rai, kai a tsakanin cinyoyi. Auta ya zungure ni ya ce, "Yaya, ya yi famfara, ya isa layya." Wani daga baya ya ce, "Kai yaro, biri ba ya layya." Rumfa ta kwashe da dariya.

A wurina nan ne fim ɗin ya fi kyau, kuma bai sake kai wa nan ba. Duk wanda haƙori ya taɓa hana shi barci ya san wannan dafe kunci. A minti biyar ɗin nan dodon ya zama abin tausayi, ya zama wani da ka sani.

Gozila kuwa, wanda ya fi kama da damo da ya sha taki, ya kashe wata halitta a tsakiyar birnin Rum, sannan ya shiga tsohon filin wasan nan nasu na zamanin Rumawa ya naɗe kamar kyanwa ya yi barcinsa. Da ya tashi ya je Faransa ya zuƙe wata tashar nukiliya, ya wuce can ƙasar ƙanƙara ya ƙara wani kisan, ya fito ƙayoyin bayansa sun koma ruwan hoda. 'Yan hagu suka yi ta yi wa 'yan dama tsiya wai gwaninsu ya yi kwalliyar Sallah.

Akwai mutane a fim ɗin, amma ba a ba su aikin kirki ba. Aikinsu su tsaya su buɗe baki suna kallon sama, sannan ɗaya ya juyo ya bayyana wa sauran abin da kowa ya riga ya gani. Da sun fara magana sai ka ji "a wuce, a wuce", wasu su fita sayen ruwan leda. Ana cikin haka ruwan sama ya sauko a kan kwano, kusan rubu'in awa ba ka jin komai sai rugugi, kuma ba wanda ya ce a ƙara murya, ba kuma abin da ya ɓace mana. Wadda kawai ta riƙe ni ita ce yarinyar nan kurma da ke magana da Kong da hannu. 'Yar wasan, Kaylee Hottle, kurma ce da gaske, kuma fuskarta ita kaɗai ta fi duk surutun sauran faɗin abu.

Inda rumfar ta yi tsit shi ne lokacin da Kong ya gano 'yan uwansa birai a can ƙasa, ga su da yawa, ramammu, suna dakon duwatsu a bakin wuta a ƙarƙashin wani jan biri siriri mai bulala. Ba kalma ko ɗaya a wannan wuri, daga gurnani sai kallo. Wani biri ya faɗi da kayansa, mai gadi ya taso masa, Kong ya sa hannu ya ɗaga shi. Na ji wani a gefena ya ce a hankali, "Fir'auna ke nan." Ba wanda ya yi dariya. Amma masu fim ɗin ba su bari abin ya zauna a rai ba, nan da nan aka koma doke-doke. Wata dabba mai feso ƙanƙara ta lalata wa Kong hannun dama, Turawa suka ɗaura masa wani hannun ƙarfe, shi ke nan wuri ya rikice ya koma filin dambe. Hannu ɗaya a ɗaure, ɗaya a sake, ai ko makaho ya san wannan shiri. Wani ya miƙe a kan benci yana yi masa kirari da Shago, wani na kiɗa da murfin kwalba a jikin kwano, kowane naushi sai a ce "Kisa!"

Daga nan aka shiga rushe-rushe. A Masar suka fara, Gozila da Kong suka kama kokawa a kan dalar Giza, gine-ginen da suka shekara wajen 4,500 a tsaye suka zube kamar tulin gyaɗa. Sannan aka koma Riyo ta ƙasar Birazil, inda aka haɗu huɗu a tsakiyar gari da rana tsaka. A ɗauki wannan a maka shi a jikin bene, benen ya rufto, a tumɓuke wani a yi jifa da shi. Maginin nan na layin gaba ya kasa daurewa. A shekarar da buhun siminti ya taɓa haura naira dubu 10, mutumin da ke ganin masu gini suna tsayar da aiki a linta saboda rodi, shi aka zaunar yana kallon wannan. Kowane bene ya faɗi sai ya dafe hula ya ce, "Innalillahi, siminti!" Tun ana dariya har aka koma amsa masa kamar amshi. Faɗan da ya fi ƙarfinka, ka mai da shi wasa.

Na yi dariyar nima, ba zan yi ƙarya ba, kuma kuɗina bai tafi a banza ba. An ce abin da aka kashe wajen yin fim ɗin ya kai dala miliyan 135, wanda a canjin lokacin ya kai wajen naira biliyan 200, kuma ana ganin kuɗin: kowane gashi a jikin birin yana motsi da kansa, ƙura tana tashi kamar ta gaske. Amma a hanyar komawa gida, muna tsallake kwatoci da hasken waya, dattijon Alkaleri ne ya tsaya mini a rai. Cikin duk benayen da aka rushe, ba a buɗe mana ƙofar ɗaki ɗaya ba. Ba a nuna wanda ke ciki yana shan shayi ba, ba a nuna wanda ya dawo washegari yana tona ƙasa yana neman nasa ba. An gama faɗa, dodanni sun yi gurnanin nasara, Gozila ya koma Rum ya kwanta, aka sa kiɗa. Inda suka bi ko kara ɗaya bai tashi ba, kuma ba su kaɗai ba, har mai riƙe da kyamarar bai san sun taka ba.

Abin da ya sa wannan ya dame ni shi ne na taɓa kallon fim ɗin Gozila na asalin, baƙi da fari, wanda kamfanin Toho na Japan ya yi a 1954, Ishiro Honda ya ba da umarni. Shekara tara ke nan bayan bama-baman Hiroshima da Nagasaki, kuma a watan Maris na shekarar tokar gwajin bam da Amurka ta yi a tsibirin Bikini ta zubo wa wani jirgin masunta na Japan mai mutum 23, ɗayansu ya mutu bayan 'yan watanni. Mutanen da suka yi wancan fim sun san ƙaurin garin da ya ƙone. Dodon nasu mutum ne a cikin rigar roba yana tattaka gidajen kwali, yaro ma zai gane, amma sun nuna uwa ta rungume 'ya'yanta a gindin bango wuta na matsowa, sun nuna asibiti cike da mutane a ƙasa. Na yi ƙoƙarin gaya wa Auta wannan, ya ce, "Yaya, kai komai sai ka mai da shi lacca. Wa ya ci tsakanin Goggo da Gozila, shi ne magana."

Da safe yana ba Inna labari tana tsintar shinkafar masa, har da nuna mata a waya. Ta nisanta wayar daga ido, ta ƙura mata kallo, ta ce, "Wannan ai damo ne. Wancan kuma biri. Ina dodon?" Auta ya ce su ne dodannin. Ta mayar masa da wayarsa ta ce, "Dodon da ya tsaya aka ɗauke shi hoto?" Jikokinta suka ce to ta ba su labarin na gaske, ta ce ba a tatsuniya da rana.

Juma'a da Asabar sun tafi a hidimar da kowa ya sani. Markaɗe, itace, gawayi, man gyaɗa na suya, wasa wuƙaƙe, kai huluna wanki. Mata sun baje a tsakar gida da lalle a ƙafa an ɗaure da leda, ba mai iya tashi, sai aike. Na bi ta wajen Ƙofar Ran, kusa da kabarin Sir Abubakar Tafawa Balewa, na ga baƙi 'yan hutu suna shiga, na tuna rabona da wurin tun ina firamare, na ce gobe, ban kuwa je ba. Telana, wanda na aika wa shadda tun watan Shawwal, ya rantse mini ranar Juma'a cewa saura maɓalli. Ranar Asabar, ina azumin Arafa, na same shi yana yanka wandon. Wai wuta ce ba a kawowa. Na zauna a kan benci cikin mutum shida masu irin fuskata, ba mai yi wa wani magana, har ya gama ya miƙo mini da zare na reto a wuya.

Daren jajibiri aka ɗauke wuta tun magariba, hadari ya haɗu bai zubo ba, gari ya yi duhu ƙirin. Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, yara suka tuna wa Inna alkawari. Ta ce ga ta nan ga ta nanku, muka ce ta zo mu ji ta, har da ni.

Labarin yarinyar nan ne da ta je rafi ita kaɗai, tulu ya gagare ta ɗauka, wata murya daga cikin ruwa ta ce zan ɗora miki, me za ki ba ni? Ta ce duk abin da kake so ranar aurena. Inna ba ta taɓa faɗin kamannin Dodo ba, yau ma ba ta faɗa ba. Ba tsayi, ba launi. Gashi kawai, wanda yake jan ƙasa, da kuma yadda karnukan gari suka yi shiru gaba ɗaya ranar da ya zo karɓar alkawari. Ta rage murya ta ce, "Sai aka ji ana sallama a zaure." Ta tsaya. Ƙaramar jikarta ta cusa kai a cinyata.

Dodo ya cinye tuwon biki, ya haɗiye shanu, ya haɗiye makaɗa da 'yan rakiyar amarya, ya haɗiye ango, har ya zo kan ƙanin amarya, ɗan mitsitsi mai aska a aljihu. Yaro ya farke ciki daga ciki, jama'a suka yi ta fitowa. A nan Inna ta fi daɗewa, kamar kullum. Sai da mai gari ya zauna aka ƙirga kowa da sunansa, wance ta fito, wane ya fito, makaɗi ya fito amma kalangunsa ya jiƙe. Wata tsohuwa ta ce ita ba ta yarda an gama ba, akuyarta mai baƙin kunne ba ta fito ba, aka koma cikin Dodo da fitila aka nemo mata. Ƙurunƙus.

Ba a rufe baki ba sai muka ji wani abu ya yi gurum a zaure, kwano ya faɗi, sannan wani ja-ja-ja kamar ana jan abu a ƙasa. Kowa ya san ragon ne, can aka ɗaure shi saboda hadari. Inna ta ce, "Auta, je ka duba kada ya shaƙe kansa da igiya." Auta, mai shekara goma sha tara, wanda shekaranjiya ya kalli an rushe Riyo yana cin gyaɗa, ya miƙe ya kunna fitilar waya, ya yi taku uku ya tsaya.

Ya ce, "Yaya, taso mu je tare, ka fi ni iya ɗaurin."